Yadda Ake Amfani da Ranakun Tunawa Wajen Neman Adalci ga Jama'a

Ranakun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware domin tunawa da wani al'amari sun haura 200. Akwai ta mata a 8 ga Maris, ta yaƙi da wariyar launin fata a 21 ga Maris, ta hana bautar da yara a 12 ga Yuni, ta 'yan gudun hijira a 20 ga Yuni, ta masu nakasa a 3 ga Disamba, da ta haƙƙin ɗan Adam a 10 ga Disamba. Adalci a zamantakewa ma yana da tasa, 20 ga Fabrairu, wadda aka fara kiyayewa a 2009. Ban da waɗannan ga ranakun cika shekara na abubuwan da suka faru: ginin da ya rufta, mutanen da aka harbe, dokar da aka sa wa hannu.

Abin da irin wannan rana ke ba ƙungiya guda ɗaya ne, aron kunne. A ranar editoci na neman wanda zai yi magana a kan batun, jami'ai sun san za a tambaye su, mutanen da ba ruwansu da zancen duk tsawon shekara suna ɗan waiwayowa. Washegari a karɓe kunnen a ba wani. Ƙungiyoyi da yawa a kan riga da hula da jawabin babban baƙo suke ƙarar da wannan aron, a ɗauki hoto a watse. Matakan da ke tafe na masu son gari ya waye da wani abu a hannunsu ne.

Ku tsayar da buƙata kafin ku duba kalanda

Kuskuren farko shi ne a ga rana ta ƙarato a ce, "Me za mu yi bana?" Ku fara da abin da kuke so ya canja, da wanda canjin ke hannunsa. Ku rubuta buƙatarku a jimla ɗaya mai sassa uku: wanda zai yi, abin da zai yi, da wa'adin gamawa. "A daina cin zarafin mata" fata ne mai kyau, amma ba wanda zai ji da shi ake. Ku gwada shi da wannan: "Ma'aikatar lafiya ta ba da umarni a rubuce, kafin ƙarshen Maris, cewa kowane asibitin gwamnati ya duba wadda aka yi wa fyaɗe nan take ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba." Wannan tana da mai ita, tana da wa'adi, kuma ranar 1 ga Afrilu kowa zai iya cewa an yi ko ba a yi ba.

Buƙata ɗaya tak. Taura biyu ba ta taunuwa, balle goma sha biyar. Takardar bayan taro mai buƙatu goma sha biyar garaɓasa ce ga wanda aka kai wa ita: zai tsinci mafi sauƙi, yawanci "a ƙara wayar da kan jama'a", ya ce ya amince, ya bar sha huɗun. In ƙungiyoyi da yawa ne suka haɗu, a ɗora ɗaya a gaba, sauran su koma shafi na biyu.

Daga nan ku gano ainihin mai alƙalamin. Sau da yawa ba ministan ba ne, wani darakta ne, ko shugaban kwamitin majalisa, ko hukumar gudanarwar kamfani. Ku rubuta muƙaminsa, wanda yake saurara, abin da yake tsoro, da ribar da zai ci in ya amince. Duk abin da za ku shirya nan gaba, har gidan rediyon da za ku je, da wannan takarda za ku auna shi.

Wani lokaci faɗakarwar ce ainihin aikin, kuma ba laifi. Sai dai a ƙayyade su wa za su san me, kuma su yi me da sanin. Misali, a sanar da mutane cewa maganin kariya daga HIV bayan fyaɗe dole a fara shan sa cikin awa 72, a kuma faɗi inda ake samunsa. Wannan ilimi ne da ke ceton rai.

Zaɓen rana

Ranakun duniya su ne mafi sauƙin kamawa. Suna zuwa da taken shekara, da rahotannin manyan hukumomi, da 'yan jarida da suka riga suka sa su a jadawali. Aibinsu cunkoso. A 8 ga Maris babu banki ko kamfanin waya da ba ya fitar da saƙo, ƙaramar ƙungiya sai muryarta ta nutse. Mafita biyu ce: ko ku fitar da abinku kwana biyu ko uku kafin ranar, lokacin da 'yan jarida ke tattara kayan aiki, ko ku koma ranar da ba ta da turmutsutsu amma ta dace da batunku, kamar 28 ga Afrilu ta lafiya da kariyar ma'aikata, 30 ga Agusta ta waɗanda aka ɓatar da su da ƙarfin tsiya, ko 17 ga Oktoba ta yaƙi da talauci. Gangamin kwana 16 na yaƙi da cin zarafin mata, wanda ya samo asali a 1991 daga wata cibiya ta Jami'ar Rutgers a Amurka, yana farawa 25 ga Nuwamba ya ƙare 10 ga Disamba. Kada ku tilasta wa kanku yin magana duk kwana 16 ɗin. Kafin rana ta biyar kun gaji, masu bin ku ma sun gaji. Ku zaɓi kwana uku ku zuba ƙarfinku a ciki.

Ranar cika shekara ta wani bala'i ta fi nauyi, domin tana da wuri da sunaye. A 24 ga Afrilu 2013 ginin Rana Plaza mai hawa takwas ya rufta a Savar, kusa da Dhaka a Bangaladesh, ya kashe mutum fiye da 1,100, yawancinsu masu ɗinkin tufafin da ake sayarwa a Turai da Amurka. Tun daga nan ƙungiyoyin ƙwadago da iyalan mamatan ke amfani da ranar suna bin kadin diyya da yarjejeniyar duba lafiyar gine-ginen masana'antu da aka ƙulla bayan hatsarin. Kafafen labarai sun fi kula da cikar shekara ɗaya, biyar, goma, 25 da 50. Ta farko ta fi kowace tasiri wajen matsin lamba, saboda waɗanda suka yi alƙawari a gaban kyamara suna nan a kujerunsu.

Iri na uku shi aka fi mantawa, kuma a ganinmu ya fi duka amfani: ranar alƙawari. Ranar da aka sa hannu a wata doka, ko gwamnati ta amince da wata yarjejeniya, ko kotu ta yanke hukuncin da har yau ba a zartar ba. Yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin matan Afirka an amince da ita a 11 ga Yuli 2003. Ta haƙƙin masu nakasa a Disamba 2006. Yarjejeniya ta 182 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta haramta mafi munin ayyukan da ake sa yara, ta 1999 ce, kuma a 2020 ta zama ta farko da duk ƙasashen ƙungiyar suka amince da ita. A irin wannan rana ba sabon abu kuka zo da shi ba da za a ce kun cika fitina. Sa hannun mutum kuke karanta masa.

Akwai kuma ranar da ake fitarwa daga lissafi. Matan Ayislan sun ajiye aiki, na ofis da na gida, a 24 ga Oktoba 1975, kusan kashi 90 cikin ɗari nasu. A wasu shekarun da suka biyo baya sai suka riƙa tashi daga aiki daidai sa'ar da albashinsu ke ƙarewa in aka gwada da na maza. A 2016 ƙarfe 2:38 na rana ne. Agogo kaɗai ya isar da saƙon.

Kafin ku yanke shawara ku duba abin da zai yi karo da ranar: zaɓe, jarrabawa, bikin addini, babban wasan ƙwallo, hutun majalisa. In ta faɗo a ƙarshen mako, ku kai koke ranar aiki da ta gabace ta. In buƙatarku ta kuɗi ce, ranar ta zo kafin a miƙa kasafin kuɗi. Gangamin da aka yi bayan an sa hannu a kasafi ihu ne bayan hari.

Ku san tarihin ranar, ku kuma tantance shi

Kusan kowace rana jini ne ko gumi a ƙarƙashinta, yawan maimaitawa ne ya shafe. Ranar 25 ga Nuwamba ta 'yan'uwa mata uku ce 'yan gidan Mirabal, Patria da Minerva da María Teresa, waɗanda 'yan barandan gwamnatin kama-karya ta Trujillo suka kashe a Jamhuriyar Dominikan a 1960, aka tura motarsu rami don a ce hatsari ne. Mata 'yan gwagwarmaya na Latin Amurka suka zaɓi ranar a Bogota a 1981, Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta bi sahu ba sai 1999. Ranar 21 ga Maris ta Sharpeville ce, inda 'yan sandan Afirka ta Kudu suka harbe aƙalla mutum 69 a 1960 suna zanga-zangar ƙin dokar takardar izinin zirga-zirga. Ranar Yaran Afirka, 16 ga Yuni, ta ɗaliban Soweto ce da suka fito a 1976 suna ƙin a koyar da su da harshen Afirkans. Jimla biyu na irin wannan tarihi a farkon jawabi suna tuna wa mai sauraro cewa ranar ba ta yanka kek ba ce.

Amma a yi hattara da tarihin ƙarya, don yana yawo har a takardun manyan ƙungiyoyi. An sha cewa Ranar Mata ta samo asali daga zanga-zangar mata masu ɗinki a New York ranar 8 ga Maris 1857. Masana tarihi a Faransa sun bincika ba su sami shaidar faruwar hakan ba. Labarin a jaridun Faransa na shekarun 1950 ya ɓulla. Abin da ya tabbata shi ne shawarar ware ranar mata da Clara Zetkin, 'yar gwagwarmaya daga Jamus, da abokanta suka kawo a taron Kofenhagen ta Denmark a 1910, da yajin aikin matan Petrograd ta Rasha a 1917. Kowane kwanan wata da kowane adadi ku nemo masa majiya biyu da ba kwafar juna suka yi ba. Kuskure ɗaya ya ishi mai adawa da ku ya karkatar da zancen daga zalunci zuwa gyaran kwanan wata.

Masu abin

Nan ne aka fi yin ɓarna, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa da ban-haƙuri. Ranar da ƙungiya ke kallo a matsayin dama, ga uwar da aka kashe wa ɗa ranar makoki ce. Saboda haka kafin a zana ko da tambari, a je wurin waɗanda abin ya shafa, ko ƙungiyarsu in suna da ita, a tambaye su: kuna son a yi wani abu? Wane iri? Me ba ku so a faɗa? In sun ce bana shiru suke so, a bar su da shirunsu, a nemi wata rana. A Ruwanda makon da ke farawa 7 ga Afrilu na juyayin kisan ƙare dangin da aka yi wa Tutsi a 1994 ne; a Srebrenica ta Bosniya, 11 ga Yuli rana ce da ake binne gawarwakin da aka gano daga cikin maza da samari fiye da 8,000 da aka kashe a 1995. Ba a zuwa irin waɗannan ranaku da kiɗa ko tallar ƙungiya.

Masu nakasa suna da taken da ya yi daidai da karin maganar nan, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: kada a yanke komai a kansu ba da su ba. A aikace ma'anarsa su kasance a kwamitin shiri tun zaman farko, su ga saƙon kafin a buga, su hau mumbari su yi magana da bakinsu. A biya su kuɗin mota da na lokacinsu kamar yadda ake biyan kowane mai gabatar da ƙasida.

Ga wanda zai ba da labarinsa, ku bi wannan tsari:

1. Ku yi masa bayani da harshen da yake ji: ina labarin zai fito, wa zai iya gani, da cewa abin da ya hau intanet ba ya sauka gaba ɗaya.
2. Ku ba shi zaɓi dalla-dalla: sunansa na gaskiya ko na aro, fuska ko baya, muryarsa ko ta wani.
3. Ku bar masa aƙalla kwana biyu ya yi shawara. Amincewar da aka karɓa kyamara na kunne ba amincewa ba ce.
4. Ku rubuta yardar, ko ku naɗi muryarsa in ba ya karatu, ku ba shi lambar wanda zai kira in ya sauya ra'ayi.
5. Kada ya taɓa jin cewa taimakon da kuke ba shi ya rataya ne a kan yarda.

In yaro ne, ana buƙatar yardar mai kula da shi da tasa, kuma yaron da aka ci zarafinsa ba a nuna fuskarsa ko da iyaye sun yarda. Ku tuna rufe fuska kaɗai ba ya ɓoye mutum: rigar makaranta, ƙofar gida, allon titi, tabo a hannu, duk suna tona shi. Ku goge bayanin wurin da waya ke liƙa wa hoto kafin ku tura. Kada a sa mutum ɗaya ya maimaita abin da ya same shi ga 'yan jarida shida a wuni guda. A naɗa sau ɗaya da kyau, ko a tsaya a hira biyu, wani amintaccensa na zaune kusa.

Ku kawo sabon abu

Ɗan jarida ba ya rubuta "yau ce ranar kaza" a matsayin labari. Yana buƙatar abin da ba a sani ba jiya. Mafi arha shi ne takardar sakamako: ku jera alƙawura biyar zuwa goma da aka yi, gaban kowanne ku rubuta an cika, an fara, ko ba a taɓa ba, da hujja. Ko ku ƙirga abin da za ku iya ƙirgawa da ƙafarku, kamar gine-ginen gwamnati 40 da kuka ziyarta, nawa ke da hanyar keken guragu. Ku faɗi yadda kuka ƙirga da ranar da kuka yi, kada kuma ku ce sakamakon na ƙasa baki ɗaya ne alhali 40 kuka gani.

Alƙaluman duniya suna tsufa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da UNICEF sun ƙiyasta yara miliyan 160 na aikin bauta a farkon 2020. Ƙiyasin da suka fitar a 2025 ya ce kusan miliyan 138 ne a 2024. Duk adadin da za ku ambata ku haɗa shi da shekararsa da mai shi. Adadi ɗaya ko biyu sun isa saƙo guda. Miliyoyi ba sa shiga zuciya, mutum ɗaya mai suna yana shiga. Amma labarin mutum ɗaya tsurarsa yana sa mai sauraro ya ɗauka ƙaddarar wannan bawan Allah ce kawai. Ku haɗa biyun: labarin, sai adadin da ke nuna ba shi kaɗai ba ne, sai dokar ko tsarin da ya jawo.

Akwai wani tarko da ba a cika lura da shi ba. Masanin halayyar ɗan Adam Robert Cialdini da abokan aikinsa sun yi gwaji a wani gandun daji na jihar Arizona inda masu ziyara ke satar guntayen itatuwan da suka zama dutse. Allon da ke kukan cewa mutane da yawa na ɗauka ya jawo sata fiye da wanda kawai ya ce kada a ɗauka. Dalili shi ne mutum na bin abin da ya ji kowa na yi. To in da masu aikata laifin kuke magana, yawan nanata "ya zama ruwan dare" na iya zame musu lasisi. Girman matsala a faɗa wa masu mulki. Jama'a kuwa a nuna musu yawan waɗanda suka ƙi abin, in gaskiya ne suna da yawa.

Rubuta saƙon

Ku fara da abin da ku da mai sauraro kuka yarda da shi tare, kamar cewa duk wanda ya fita aiki ya kamata ya koma gida da ransa. Sai matsalar da mai haddasa ta, sai mafita, sai abin da kuke so mai sauraro ya yi yau. Ku guji jimlar da ke ɓoye mai laifi. "An rasa rayuka" kamar ruwan sama ne ya yi; "masu masana'antar sun umarci ma'aikata su koma ciki bayan an ga bango ya tsage" magana ce mai kai da ƙafa. Sai dai duk zargin da ya ambaci suna lauya ya gani kafin ya fita, kuma a ba wanda ake zargi damar ba da amsa.

Sanarwar rediyo ta daƙiƙa 30 kalmomi 70 ne ko kusa da haka. Bidiyo kada ya wuce minti ɗaya da rabi, da rubutu a ƙasa saboda kurame da masu kallo ba sauti. Hoto a intanet a rubuta masa bayani saboda makafi masu amfani da manhajar karanta allo. Ku karanta wa mutum biyar da ba 'yan ƙungiya ba saƙon, ku ce su maimaita abin da suka ji. In uku ba su ambaci buƙatarku ba, ku sake rubutawa.

Jadawali

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mako 12 kafin ranar a tsayar da buƙata, a gana da masu abin, a raba aiki da kasafi. Saura mako takwas a gama tattara hujjoji, a aika wa mai alƙalamin wasiƙar neman ganawa. Kada ya fara jin buƙatarku a rediyo, domin wanda aka kunyata a bainar jama'a ba tare da an fara zuwa masa ba yakan kafe. Hasali ma ranar na iya zame masa damar sanar da amincewarsa, ku ba shi wannan ƙofar. Saura mako shida a kama wuri, a nemi izini in doka ta ce a nema, a yi magana da tafintan kurame don ba su da yawa kuma a irin waɗannan ranaku kowa na nemansu. Saura mako huɗu a tuntuɓi masu shirye-shiryen rediyo da talabijin, waɗanda ke cika jadawalinsu da wuri. Saura kwana goma a aika maƙalar ra'ayi mai kalmomi 600 zuwa 800 ga jarida ɗaya, ba biyar ba. Saura mako a raba wa ƙawaye kayan aiki: hotuna uku ko huɗu, gajerun saƙonni, da sa'ar da kowa zai saki.

Saura kwana biyu a aika sanarwar manema labarai, shafi ɗaya, sabon abin a layin farko, lambar wanda zai ɗaga waya a ƙasa. In kuna son 'yan jarida su karanta rahoton tun da wuri amma kada su buga sai ranar, ku rubuta rana da sa'ar saki ɓaro-ɓaro a sama, kuma ku ba waɗanda kuka amince da su kaɗai. Masu magana da yawunku biyu ko uku su yi atisaye da tambayoyi mafi zafi: wa ke ba ku kuɗi, me ya sa sai yanzu, ina hujja.

Kafin duk wannan ku share ɗakinku. A Birtaniya doka ta wajabta wa ma'aikatu masu mutum 250 ko fiye su bayyana tazarar albashin maza da mata. A Ranar Mata ta 2022 wani shafi mai sarrafa kansa a Twitter ya riƙa ɗauko saƙon taya murna na kowace ma'aikata yana liƙa masa tazarar albashinta, har wasu suka goge abin da suka wallafa. Ƙungiyar da za ta yi taron masu nakasa a bene marar hanyar hawa ita ma haka za ta kwashe.

Ranar kanta

Taron safe ya fi, don labarin ya kama na rana da na yamma. Kada ya wuce awa biyu. Masu abin su fara magana, manyan baƙi su biyo baya, tun da in aka juya, 'yan jarida na tashi da tashin babban baƙo. Buƙatar a karanta ta da ƙarfi, a miƙa ta a rubuce, a nemi amsa a gaban mutane, wani kuma ya naɗi amsar kalma da kalma.

A kafafen sada zumunta maudu'i ɗaya, wato kalmar da ake sa wa alamar #, ya isa, kuma ku duba ko wasu na amfani da shi don wani aiki. A 2 ga Yuni 2020, bayan wani ɗan sanda ya kashe baƙar fata George Floyd a Amurka, miliyoyin mutane sun wallafa baƙin hoto a Instagram don nuna goyon baya, da yawa suka haɗa da #BlackLivesMatter. Sai baƙaƙen hotunan suka binne bayanan da masu zanga-zanga ke aika wa juna ta wannan maudu'in. Niyya mai kyau ce ta toshe hanya.

Ku sa mutum biyu su tsare sashen sharhi, su ɓoye zagi da barazana, musamman a ƙarƙashin hoton wanda ya ba da labarinsa. In batun cin zarafi ne ko kashe kai, kowane saƙo ya ɗauki inda za a nemi taimako, kada kuma a bayyana hanyar da wani ya bi ya halaka kansa, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ke shawartar 'yan jarida. Ku sanar da masu layin taimakon tun mako biyu kafin ranar. Gangamin da ya yi nasara yana sa mutane su kira, kuma wadda ta yi ta maza ta kira sau ɗaya ba a ɗaga ba da wuya ta sake. In tattaki ne a titi, a tanadi masu kula da layi, ruwan sha, kayan agajin gaggawa da lambar lauya. In wani babban labari ya ɓarke da safen ranar, ku yi juyayinku kamar yadda aka tsara, amma ku riƙe rahoton zuwa mako mai zuwa.

Bayan an watse

Cikin awa 48 ku kira duk wanda ya ba da labarinsa ku ji lafiyarsa, ku tambaya ko wani ya tsangwame shi. Ku aika wa jami'in wasiƙar godiya mai ɗauke da ainihin kalmomin da ya faɗa da wa'adin da ya ɗauka. Sababbin mutanen da suka bar lambarsu a ba su wani ƙaramin aiki cikin mako guda, kafin zafin ya huce. A kwana na 30 da na 90 a koma a tambayi inda aka kwana, a kuma gaya wa 'yan jaridar da suka ɗauki labarin.

Wajen auna nasara kada yawan kallo ya ruɗe ku. Bidiyon Kony 2012, mai neman a kama madugun 'yan tawayen Yuganda Joseph Kony, ya samu kallo fiye da miliyan 100 cikin mako guda a Maris 2012, amma da aka kira mutane su fito a 20 ga Afrilu 'yan kaɗan suka fito, kuma da aka nuna shi a Lira ta arewacin Yuganda, inda yaƙin ya ci mutane, masu kallo fusata suka yi. Ku ƙirga abin da ya shafi buƙatarku: an yi ganawar? An rubuta umarnin? Kira nawa layin taimako ya amsa in aka gwada da watan jiya? Labarai nawa suka ambaci buƙatar, ba sunan ƙungiya kawai ba?

Wasu buƙatun ba sa biyuwa a shekara ɗaya, sai da naci. Iyaye matan dandalin Plaza de Mayo a Ajantina sun fara taruwa a Afrilu 1977 suna tambayar inda sojoji suka kai 'ya'yansu, suka mayar da kowace Alhamis ranar tunawa, da farin ɗankwali a ka; a 2016 suka yi zagaye na 2,000. Ku buɗe fayil ɗaya ku zuba takardun yarda, lambobin 'yan jarida, naɗin alƙawarin da aka yi, abin da aka kashe, da shafi guda na abin da ya lalace da dalilinsa. Sai ku buɗe kalandar baɗi, ku ƙirga mako 12 baya daga ranar, ku rubuta sunan wanda zai kira zaman farko.